Basukur Ɗin Baba Ya Tafi Mafara

Janbako,
farkon watan Safar.

Zuwa ga Yayana Khalifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Farida da yara. Ya aiki, ya Mafara, ya haƙuri da mu? Mu nan alhamdu lillahi. Baban Zakiyya na gaishe ka. Zakiyya ta ɗan yi zazzaɓi amma ta miƙe. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da wasiƙa tun muna makaranta. Tunda aka yanke layin waya, tawa wayar ta koma tocila. Dikko direba, wanda ke bin rakiyar sojoji da motarsa in an samu, shi ya ce in rubuta zai kai maka har injin casar shinkafar da kake aiki.

Maganar Baba ce. Jikinsa lafiya lau, yana ci, yana sallah, ƙafarsa ma ta fi tawa ƙarfi. Tunanin ne ke ta raguwa. Ka san yadda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koli a kan kekensa, Mafara, Bakura, Dakko, Maradun, ya kewayo gida, sati ya sake. To, duk abin da ya faru bayan rasuwar Inna ya goge masa, kewayen nan kaɗai ya rage. An rufe kasuwanni, hanya ba ta biyuwa saboda mutanen daji, shi bai san da wannan ba. In na faɗa masa sai ya yi salati, ya jajanta, kafin in sauke tukunya ya manta.

Kullum ga yadda muke yi. Da ya sha koko sai ya ce, “Nusaiba, yau wace rana ta?” In na faɗa, sai ya ce to ranar kasuwa kaza ce, in aza masa akwati a kariyar keke. In hana, ya yi fushi, in lallashe shi, ya kwanta, ya tashi, ya sake tambaya. Rannan na ce masa keken ba iska. Ya harare ni ya ce, “Keke na tela na. Wanga basukur na.” Sannan ya ɗauko famfo ya buga abinsa. Na zare cen ɗin keken na ɓoye a cikin tulu, mutumin da ba ya tuna ya ci tuwo sai ga shi ya gano ya mayar.

Yaya, ba na zuwa suna, ba na zuwa gaisuwa, ko wanka da kunne ɗaya a zaure nake yi, don kada ƙararrawar keke ta yi waje ban ji ba. In ya hau hanyar Maradun shi kaɗai ka san abin da zai tarar. Na gaji, ban ɓoye maka ba. Wallahi wani lokaci ji nake da za a wayi gari babu keken nan a gidan, da na samu na yi barci.

Ka gaishe min da kowa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan hali.

Ƙanwarka,
Nusaiba.

*

Talata Mafara,
cikin Safar.

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni muna lafiya. Farida da yara suna gaishe ku, ki gaida min Baban Zakiyya da kyau, ki shafa min kan Zakiyya. Ki durƙusa ki gaida min Baba, ki ce Khalifa ne, ko da zai ce wane Khalifa. Rubutunki kuwa yana nan kamar da, sai da na kai takardar bakin taga.

Na yi dariyar maganar basukur har abokan aiki suka tambaye ni lafiya. Da Baba zai ga Mafara yau da ya ce duniya ta dawo hannunsa. Mai ya yi wuya, an matsa wa masu babur, kowa ya janyo tsohon kekensa daga rumbu. Mai faci a bakin tasha ya zama babban mutum, sai ka bi layi. Yarana laulawa suke ce masa, wani dattijo a wurin aikinmu kuma dokin ƙarfe. Na ce su bari kawai, a gidanmu mai abin ya riga ya raɗa masa suna.

Bayan dariyar kuma na kasa cin abinci. Ke ce a cikin rana, ni ina inuwa, na sani. Na so a kawo shi nan, sai na tuna zuwansa na bara, yadda ya ɓace mana a bayan kasuwa muka same shi yana kuka yana neman hanyar gida. Ni kuma in na bar injin yanzu, ga sabuwar shinkafa na shigowa, wani za a sa a gurbina, kuma da aikin nan ne nake ɗan aiko muku abin da nake aikowa. Ki ƙara haƙuri da wannan kai-komon da kuke yi da shi, aljannarki ce.

Maganar keke na ji ta, ki bar ni da ita. Ga shinkafa da sabulu da man zafi na ƙafarsa a hannun Dikko.

Yayanki,
Khalifa.

*

Janbako,
ƙarshen Safar.

Yaya Khalifa,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Muna lafiya. Na gaida Baba kamar yadda ka ce, ya tambaya ko ka daina hawa masa basukur a ɓoye.

Ka kira abin namu kai-komo. Yaya, mai kai-komo ai yana kaiwa wani wuri kafin ya komo. Namu zagaye ne, inda muka tashi nan muke kwana. Amma ba ƙorafi ya sa na ɗauki biro yau ba, albishir ne.

Ka tuna Saude, maƙwabciyarmu mai ƙosai? Rannan ta shigo ta tarar muna ja-in-ja da Baba a zaure, ni na riƙe kariya shi ya riƙe kai. Ta tsaya ta dube mu ta ce, “Ke Nusaiba, faɗan da yaf fi ƙarfinka ai mai da shi wasa aka yi. Ki aza mishi kayanai shi tai. Mi ag girman garin ga?” Na ce in ya bar gari fa? Ta ce ai kasuwa yake nema, mu kawo masa ita kusa.

Haka muka yi. Na zuba masa allura da zare da maɓallai da ɗan madubi a akwatinsa na da, na ɗaure da roba. Yana fita Saude ta tare shi a ƙofarta, “Ɗankoli! Ɗankoli, tsaya!” Ya taka birki, ya sauko, ya buɗe akwati. Ta taya, ya ce albarka, suka yi ta ja kamar gaske. Daga nan matar liman ta aiko a kira shi, daga can gidan masu niƙa, sai gindin tsamiyar bayan masallaci inda tsofaffi ke zama. Kafin ya gama da su rana ta take, ya juyo gida yana kaɗa ƙararrawa. Da yamma kowace ta maido min abin da ta saya, in mayar a akwati, gobe a sake. Allura ɗaya Saude ta saya har ta san ta da ido.

Abin da zai ba ka mamaki, shi a wurinsa tafiya yake yi sosai. Gindin tsamiya ita ce Mafara. Ƙofar masu niƙa Bakura. In ya dawo sai ya zauna yana haki ya ce, “Yau Bakura ta ci, ɗiyata. Hanya dai ta ɓaci.” Ya cinye tuwonsa tas, ya yi barci har la'asar. Ranar Juma'a da kansa ya ce ba a fita, a ba shi farar riga. Shekaranjiya har labarin Inna ya yi min, yadda ya ɗauko ta a kariya daga Dakko suna amare suka faɗa kwalbati. Ban taɓa jin wannan labarin ba, kai ka taɓa?

Ni ma na samu kaina. Na je suna, na yi kitso. Ba fita daga zagayen muka yi ba, amma yanzu ya ɗan yi faɗi, ana numfashi a ciki. Don haka maganar keke da ka ce in bar ka da ita, ka bar ta kawai, mun sasanta.

Dikko bai shigo ba wannan satin, zan ba Habiba ma'aikaciyar asibiti, za ta Maradun, daga can ta ce za ta wuce Mafara.

Taka,
Nusaiba.

*

Talata Mafara,
farkon watan Mauludi.

Nusaiba,

Sallama. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubutawa, rakiya za ta tashi. Shiru ban ji daga gare ki ba tun waccan takardar, na san wahala ce ta hana ki. Kullum da maganarki nake kwana, cewa da babu keken da kin yi barci. Na ce wa Dikko ya ɗauko min shi ya aza a mota, ba sai ya yi shawara da kowa ba, don na san ki da tausayi, in aka tsaya tambayarki za ki hana. Baba zai yi faɗa kwana biyu ya manta, kamar yadda yake manta komai. In ya tambaya ki ce an kai gyara. Ga shinkafa. Ki huta, ƙanwata.

Khalifa.

*

Janbako.

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna raye. Gaisuwar ke nan, ka yi haƙuri da ita.

Ina gidan Saude ana dakan biki, Baba ya dawo daga kewayensa yana barci, na shigo zaure na tarar da buhun shinkafa a inda basukur yake jingine, da takardarka a kai. Na fita ba takalmi har bakin hanya, ƙurar motar kawai na gani. Ashe takardar da na ba Habiba ba ta same ka ba? Ko ta same ka ka fi ni sani?

Na ce na gaji, haka ne. Wace mai jinya ce ba ta faɗar haka? In na ce da na mutu na huta, sai ka aiko da likkafani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya. Kana Mafara ka yanke hukunci a kan zauren da rabonka da shi tun Sallah ƙarama, har da cewa kada a tambaye ni.

Ka ce zai manta kamar yadda yake manta komai. To wannan bai manta ba. Na ce an kai gyara, ya ce shi bai taɓa ba wani gyaran basukur ɗinsa ba, sata aka yi. Washegari ina ɗibar ruwa ya fice da ƙafa, wai zai bi sawu. 'Yan sa-kai ne suka tsinto shi can bayan gonakin gero, wajen da ko maza ba sa zuwa yanzu, ƙaya ta yanyanka masa ƙafa. Suka ce min in ya sake ba za su bi shi ba, su ma rai gare su. Gaskiyarsu.

Baban Zakiyya ya aro keken Sharhabilu mai shago, muka ɗaura akwatin a kai. Baba ya shafa sirdin sau ɗaya ya janye hannu ya ce, “Wanga ba nau ba na. Kuna so a ce Jafaru ya ɗauki kayan mutane?” Saude ta ce ya zo da ƙafa ma za ta saya, ya ce ɗan koli da ƙafa ai maroƙi ne.

Yanzu kwaɗo nake sa wa ƙofar zaure. Uban da ya haife ni nake kullewa. Yana buga ƙofar yana kiran sunana, ni ina bayan ɗaki ina toshe kunne. Shi a kulle, ni a kulle, don mai gadin fursuna ma ba ya zuwa ko'ina. Ban taɓa jin haushinka irin na yau ba, kuma ban taɓa bukatarka irin yau ba.

Ka maido shi. Motar farko da za ta taso, ka aza shi. Kada ka wanke shi, kada ka canza masa komai.

Nusaiba.

*

Talata Mafara,
tsakiyar watan Mauludi.

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ya ƙafar tasa? Ina gaida Baban Zakiyya, ki ce na gode, ki ce wa Saude Allah ya biya ta. Mu nan lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni. Habiba ta maƙale a Maradun ne, hanya ta hana ta fitowa, sai shekaranjiya ta iso. Da safe na karanta ta albishir, ina murna ina kallon keken a tsakar gida, gabana yana faɗuwa. Da yamma wani mai albasa ya miƙo min ɗayar. Garin neman gira na rasa ido. Na ɗauki kukan gajiya na mai da shi umarni, don in ji ni ma na yi wani abu daga nesa. Ki yafe min.

Na tura keken tasha a ranar. Dikko ya ce an tare hanya bayan wucewarsa ta ƙarshe, an dakatar da rakiya, ba mai shiga sai yadda hali ya yi. Na ce zan hau shi da kaina in biyo ta gonaki. Farida ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai in taka ta, Dikko kuma ya ce, “In sunka tare ka, ka rasa basukur, tsoho ya rasa ɗa. Wanne ka gyara?” Na dawo da shi gida.

Kullum da safe nake tura shi tasha in tambaya, a ce ba yau ba, in turo shi gida, in wuce injin. Masu shayi har sun daina tambayata. Ban hau shi ba ko sau ɗaya. Ban wanke ba, kamar yadda kika ce. Ƙyallen da ya naɗa a hannun birki yana nan, da igiyar da ya ɗaure ƙararrawa. Yara sun so su taɓa, na yi musu tsawar da ban taɓa yi ba.

Labarin kwalbatin Dakko ban taɓa jin sa ba. In ya sake yin wani, ki riƙe min.

Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. Zan ajiye ta a aljihu, ranar da keken ya samu mota su tafi tare.

Yayanki mai neman afuwa,
Khalifa.

Ƙari: Yau an ce gobe rakiya za ta tashi, bayan duk wannan zaman. Shinkafa ta cika injin, mai injin ya ce ko lahira za ni sai an gama. Na ɗaure keken da hannuna a motar Dikko, na sa buhu a ƙarƙashi don kada ya goge. Ki sanar da ni yadda Baba ya yi da ya gan shi.

*

Janbako,
watan Rabi'us Sani.

Zuwa ga Yayana Khalifa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da Yaya Farida, ka ce mata ta yi daidai da ta tare ƙofa, don na san da ita za ku karanta. Ina gaida yara. Mu nan alhamdu lillahi, an fara yankan dawa a gonakin kusa da gari. Ƙafar Baba ta warke. Na yafe maka, Yaya, tun kafin takardarka ta zo. Fushin ma ƙarfi yake so, ni kuwa ba ni da shi.

Ka ce in sanar da kai, to bari in fara daga baya. Bayan na aiko maka waccan takardar, ya yi kwanaki yana buga ƙofa. Sannan ya rage. Sannan wata safiya na kai masa koko, na tsaya ina jiran ya tambaye ni wace rana ce, bai tambaya ba. Tambayar da na yi ta roƙon Allah ya raba ni da ita, sai ga ni tsaye da kwano ina jiranta. Juma'a ta zo ta wuce bai nemi farar riga ba. Na cire kwaɗon, na bar ƙofar a buɗe, bai ko dubi wajen ba. Yana zaune a tabarma hannuwansa a kan gwiwa, in an ba shi ya ci, in an ce ya kwanta ya kwanta. Barcin da ka so min na samu, ina yin sa har ya ishe ni.

Jiya Dikko ya iso. Mutanen unguwa suka taru kamar an kawo amarya. Saude ta ruga gida ta tsaya a ƙofarta tana jiran ciniki, tsofaffin gindin tsamiya suka gyara zama. Na ɗaura akwati da kaina, na turo basukur ɗin har gaban tabarmar Baba, na kaɗa ƙararrawa.

Ya ɗago. Ya dube shi tun daga taya har sirdi, ya daɗe yana dubawa, har ya miƙa hannu ya matsa tayar gaba da yatsa. Sai ya ce, “Wa ad da wanga?” Na ce naka ne, Baba. Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya tsokana, ya ce, “Ku jingine shi inuwa, kada rana ta ɓata mishi taya. Mai shi na zuwa.”

Na jingine shi a inuwa. Saude ta yi ta tsayuwa har na aika aka ce ta shiga gida.

Ban rubuto don in ƙara maka ciwo ba. Mai yiwuwa ko ba a ɗauke shi ba ranar nan tana tafe, Allah kaɗai ya sani, kuma ba zan yi ta juya wannan a raina ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne, da yamma ina shafa masa man zafi ya dube ni ya ce, “Yarinya, gidan ga ke ɗai ta? Ba ki da wa?” Na ce ina da shi, yana Mafara. Ya ce, “To mi ya hana shi zowa?”

Ni har yanzu yana kama sunana wani lokaci, wani lokaci ya kuɓuce masa. Ban san kwana nawa wannan ma zai yi ba. Dikko ya ce rakiya za ta sake shigowa sati mai zuwa in Allah ya yarda. Kada ka aiko shinkafa, ta wancan karon ma tana nan. Kada ka aiko takarda. Ka shigo motar.

Ƙanwarka,
Nusaiba.